Shekarar Da Maigidana Ya Yi Jego

Maigidana fasto ne, kuma a cocinmu kowa Mama yake ce mini. Yara su ce Mama, matan zumunta su ce Mama, har dattijon da ya girmi mahaifina in ya zo sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Mama, Baba na ciki?" Ban taɓa jin haushin haka ba. Abin da ya fara ci mini rai shi ne ranar da na lura shi ma maigidan Mama yake kirana, ba a gaban jama'a kaɗai ba, har a ɗaki, mu biyu. "Mama, ina farar rigata?" "Mama, baƙi za su zo, a ƙara shinkafa." Ban san lokacin da abin ya soma ba. Na dai waiwaya na ga an daɗe.

Da can akwai sunan da yake kirana da shi tun muna saurayi da budurwa. Ba sunana na baftisma ba ne, shi ya ƙirƙiro abinsa, kuma ba zan rubuta shi a nan ba. Ni yarinya ce da ta tashi da littattafan soyayya na haya, irin waɗanda ake karɓowa a rumfar kasuwa, a karanta, a mayar. Ina sa su a cikin bangon littafin waƙoƙin coci, mahaifiyata tana ta murna 'yarta ta cika ibada. A cikinsu na koyi cewa miji yakan dawo gida da turare a 'yar leda, ya tsaya yana kallon matarsa har ta sunkuyar da kai. Da na auri ɗalibin makarantar tauhidi mai keke ɗaya da takalmi ƙafa ɗaya, na san ba zancen turare. Amma kallon da sunan na same su, kuma sun ishe ni.

Aiki ne ya cinye su a hankali. An haihu, a kira Fasto. An kwantar da wani a asibiti, a kira Fasto. Miji da mata sun kaure, yaro ya gudu daga makaranta, an yi rasuwa a ƙauyen da mota ba ta shiga, duk shi. Bai iya cewa a'a ba, kuma ina ganin bai taɓa gwadawa ba. Har wata Lahadi ya hau mumbari, ya gyara tabarau, ya buɗe baki, magana ta ƙi fitowa. Ya tsaya yana kallonmu kamar bai san mu ba. Shugabar mawaƙa ce ta yi dabara ta ɗauki waƙa, aka riƙo shi aka zaunar. Likita ya ce jininsa ya hau ƙwarai, ga gajiya da ta yi shekaru tana taruwa. Ya dube ni ya ce in bai tsaya da kansa ba, jikin ne zai tsayar da shi, kuma ba zai yi shawara da kowa ba.

Dattawan ikilisiya suka zauna suka ba shi shekara guda ya huta, albashinsa na tafiya, wani matashin fasto ya riƙe masa wurin. Suna da kalmar Turanci da suke kiran wannan tsari, amma da Hausa ba mu samo masa suna ba sai hutu.

Ina jin kunyar faɗa, amma a duk cocin ba wanda ya kai ni murna. Tsoron rasa shi yana nan, har yana hana ni cin abinci. Sai dai a ƙarƙashin tsoron akwai wata budurwa da ta farka a cikina tana ƙirga zannuwa. Na ce a raina shekara guda ta isa mutum ya tuna sunan matarsa.

Ƙanena yana aiki a jami'ar da ke Kalgo, ya tafi ƙaro karatu, ya bar mana gidan da yake haya a cikin gari. Babbar 'yarmu tana makarantar kwana, sai muka tafi da autarmu kaɗai. Mun isa a tsakiyar zafi, lokacin da ko katanga ka jingina da ita sai ta ƙona ka. Duk da haka garin ya shiga raina tun ranar farko. Da yamma iska takan taso daga wajen gulbi, ta zo da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na albasa, ana jiyo injinan ban ruwa daga nesa suna bugawa kamar zuciya.

Katangarmu ɗaya da gidan wani Alhaji, manomin shinkafa da albasa a fadama. Katangar gajera ce, in na yi ɗage ina ganin tsakar gidansu. Mahaifiyarsa, tsohuwa siririya mai kaifin ido, 'yar ƙasar Gwandu ce, kowa a unguwar Goggo yake ce mata, ni ma na bi sahu. Ranar da muke sauke kaya Alhaji ya zo yi mana barka da zuwa.

"Malam, jami'a anka kawo ka aiki?"

"A'a, Alhaji. Ni fasto ne. Hutu aka ba ni."

"Hutu? Na kwana nawa?"

"Shekara guda."

Alhaji ya dubi katifunmu da ke ɗaure a saman mota, ya dubi autata, sannan ya kama hannun maigidana da hannu biyu ya ce, "Allah shi sa haka ya hi alheri, Malam. Kar ka sa komi ga ranka." Muka ce amin. Da ya tafi na ce wa maigidan, ka ga mutanen kirki.

Washegari aka aiko da ƙwaryar gero. Bayan kwana biyu kwandon albasa. Daga nan kifi, daga nan itace. In na ce hidimar ta yi yawa, sai Goggo ta ɗaga hannu ta ce in yi shiru, kowa da ranar tasa. Ban gane inda zancen ya dosa ba.

Bayan abinci sai aiki ya biyo. Alhaji ya ce yana neman mai amana ya riƙa duba masa injin ban ruwa da safe, ko Malam zai taimaka? Malam ya ce to. Wani maƙwabci ya kawo 'ya'yansa a koya musu Turanci da lissafi bayan la'asar, kafin mako ya zagayo tabarmarmu ta cika da yaran unguwa. Mai shagon bakin titi ya ce a riƙa zauna masa in ya tafi masallacin Juma'a. Wani ma ya zo da labarin ana neman direba, ya ce ya riga ya ambaci sunan Malam. Kowanne in an gama sai ya turo ɗan ihsani a dunƙule, maigidan ya mayar, su kuma su ɗauka kunya ce, su aiko da abinci a madadinsa. Ana cikin haka ɗaliban jami'a Kiristoci suka ji akwai fasto a gari, suka zo da ladabinsu suna roƙon ya yi musu wa'azi sau ɗaya tak. Sau ɗayan ya zama kowane mako. Wayarsa kuwa ba ta daina kuka ba, mutanen tsohon cocinmu suna cewa sun san yana hutu, gaisuwa ce kawai, sai dai ga wata 'yar magana.

Na yi ƙoƙarina. Wata yamma na sa lalle, na ɗauko sabon mayafi ruwan hoda, na bar auta wurin Goggo, na ce ya zo mu je bakin gulbi mu sha iska. A hanya har na tsara abin da zai faru. Rana za ta yi ja a kan ruwa, masunta za su wuce a kwalekwale, shi kuma zai juyo ya ce ya ya aka yi ya daɗe bai kalle ni ba. Ranar ta yi jan, masuntan ma sun wuce. Amma kafin mu kai bakin ruwa muka tarar da wani manomi injinsa ya ƙi tashi. Maigidan ya naɗe hannun riga. Na tsaya a kan kunyar albasa, sauro na cin ƙafata, har aka kira magariba. A hanyar dawowa ya ce, "Mama, kin ga bawan Allah nan, da shukarsa ta ƙone." Na ce haka ne. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma ban sami abin yin fushi da shi ba.

Ba a daɗe ba wata rana ya dawo daga fadama da hantsi, ya kasa ƙarasowa ɗaki. Ya zauna a dokin ƙofa, idonsa ya yi irin na ranar mumbari. Ya ce, "Mama, ruwa." Na ba shi, na ba shi maganinsa, na kwantar da shi. Sannan na zaga bayan madafa na zauna a kan turmi na yi kuka, ina toshe baki da zani.

"Ke, ɗiyata."

Na ɗaga kai. Goggo ce ta taka wani abu ta leƙo ta katanga. Ba ta jira na amsa ba, ta zagayo ta ƙofa ta zo ta zauna kusa da ni a ƙasa.

"Bar kuka," in ji ta. "Allah da yab ba shi wancan, shi za ya ba shi wani. Ɗana na nan na ta cigiya. Ba mu barin ku haka."

"Wani me, Goggo?"

"Wani aiki mana. Tunda sun kore shi."

"Wa ya kore shi?"

"Mutanenku na coci. Ba shi yac ce an ba shi hutu ba? Ai mun gane. Ba mu dai so mu tona muku."

Na saki baki ina kallonta, hawaye bai ko bushe ba. Ashe tun ranar da muka sauka unguwar gaba ɗaya ta yanke cewa an sallami maigidana daga aiki, kuma hutu sunan sutura ne da ya sa wa abin. Gero, albasa, injin ruwa, yaran darasi, duk rufin asiri ake yi mana. Na ce mata wallahi ba kora ba ce, albashinsa ma na zuwa, aikinsa na jiransa.

"Ana biyanai shina zaune?"

"Ana biya."

"Kuma limaminku na?"

"Limaminmu ne."

"Liman na hutu? To wa ka ba da salla?"

Dariya ta kufce mini cikin kukan. Na yi mata bayani iyakar iyawata. Na ba ta labarin Lahadin da magana ta ƙi fita, da abin da likita ya ce. Na gaya mata yadda tun kafin a haifi babbar 'yarmu bai taɓa cika mako yana cin abinci a kan lokaci ba, kowa da matsalarsa sai ya kawo ya sauke masa. Na ce an turo shi nan ne don kada ya yi komai, ga shi yanzu aikin da yake yi ya fi na can.

Goggo ta daɗe tana murza carbinta. A duniyarta namiji mai ƙafa da hannu ba ya zama sai an kore shi, ko ciwo ya kayar da shi. Ina ganin tana neman inda za ta ajiye maigidana ne ta rasa. Can sai ta buga cinya.

"To ai na gane! Haihuwa yay yi ta yi, ba jego."

"Goggo!"

"Ina wasa? Mutum shi ɗauki mutane ga cikinai shekara da shekaru, shi sauke wanga shi ɗauki wancan, ba ruwan zahi, ba kunu. Ba dole jiki shi saki ba? Jego za shi yi. Kin taɓa ganin an aiki mai jego gona?"

Kafin la'asar zance ya gama unguwa. Yaran darasi da suka zo suka tarar da Goggo zaune a ƙofarmu da 'yar sanda, ta kora su. Bayan magariba Alhaji ya yi sallama, maigidan ya fito yana dafa bango. Alhaji ya durƙusa har ƙasa, fuskarsa a ɗaure kamar mai gaisuwar gaske, sai dai gemunsa na rawa.

"Malam Hwasto, barka da arziki. An sauka lahiya? Mi anka samu, namiji ko mace?"

Na riga na gaya wa maigidan komai, kuma na ga abin bai yi masa daɗi ba, musamman zancen kora. Ina daga labule ina sauraro. Sai na ji ya ce, "Coci guda aka samu, Alhaji. Kuma har yau ba a yaye ko ɗaya ba."

Alhaji ya faɗi zaune yana riƙe ciki. Sai ga dariyar maigidana ta biyo, irin wadda take fitowa ta hanci tukuna kafin ta fashe. Na manta rabon da in ji ta. Na jingina da bango na rufe ido, na bar ta ta gama shiga kunnena.

Daga ranar ba wanda ya sake kawo masa aiki a unguwa. Wanda duk ya tunkaro da buƙata, sai wani ya tare shi ya ce, "Kai, jego shikai," a yi dariya a watse. Abin da hutu ya kasa yi, wasa ya yi shi. Kowace safiya Goggo na aiko da kunun kanwa, ta tsaya ta katanga sai ta ga ƙoƙon ya dawo ba komai. Amma ɗalibai ba su san da zancen ba, waya kuma ba ta jin Hausa. Ranar da Goggo ta gan shi ya sa taye zai fita wa'azi, ta ce wannan jegon ba zai yiwu a nan ba. Mai jego gida ake kai ta, wurin iyaye, inda miji da danginsa ba su isa su aike ta ba. Tunda iyayensa sun rasu, ita ce uwar, kuma gidansu za a je.

Ruwan farko ya sauka muka kama hanya, mu uku da Goggo, a motar Alhaji. Muka bi ta Birnin Kebbi muka nufi ƙasar Gwandu, muka saki kwalta kusa da Masama. Gidan ƙanenta ne, wanda muke kira Baffa, makiyayi da ya daɗe da zama wuri ɗaya, yana noma geronsa, shanunsa na kwana a bayan gida. Aka share mana ɗaki guda a gefe, mai ɗan shinge na zana a baya. Muna sauka Goggo ta miƙa wa maigidan hannu. Ya ɗauka gaisawa za a yi. Ta ce, "Wayar." Ta sa ta a cikin wata samira mai murfi, ta ɗora a can saman jeren matar Baffa, ta ce duk wanda ya mutu za a ji.

Kwanakin farko bai san yadda zai yi da hannuwansa ba. Ya ga fartanya ya ɗauka, Baffa ya zare ta daga hannunsa ba tare da ya ce komai ba, ya nuna masa tabarma a gindin tsamiya. Baffa mutum ne da zai iya wuni bai yi magana goma ba. Su biyun sukan zauna, ɗaya na tufkar igiya, ɗaya na kallon gajimare. Wata rana da azahar na kai musu fura, na tarar maigidana ya yi barci a zaune, bakinsa a buɗe, ɗan maraƙi na shinshina takalminsa. Baffa ya ɗora yatsa a leɓe. Na ajiye ƙwaryar na koma da sanɗa.

Ran Lahadi mukan rufe ƙofa mu yi sujadarmu mu uku, mu rera waƙa a hankali. Na ji matan gidan suna korar yara daga wajen ɗakin suna cewa a yi shiru, baƙi na sallarsu. Fuskar maigidan ta fara cikowa. Yana ci, yana barci, har yana goya auta a wuya su je kallon tatsar nono. Na gode wa Allah da zuciya ɗaya. Sai dai har yanzu Mama nake. Na fara gaya wa kaina cewa wannan ma ya isa, an ba ni shi da rai, sauran kwaɗayin littafi ne.

A lokacin akwai surukar Baffa da ta haihu, tana tsakiyar wanka. Safe da yamma ake tafasa mata ruwa a babbar tukunya, a tsoma ganyen dogon yaro ana fyaɗa mata a jiki, tana fitowa ga kunu ga gasasshen nama da yaji. Ko tsinke ba a bari ta ɗaga. Wata yamma muna zaune ana tsefe mata kai, sai matar Baffa ta tambaye ni ko mu ma a wajenmu ana wanka, kuma gida na je ko a ɗakina na yi.

Na ce ana yi, ni ce dai ban samu ba. Ta fari na haife ta muna wani ƙauye mai nisa, mahaifiyata ba ta da lafiya, na yi 'yan kwanaki ina ɗora wa kaina ruwa, na bari. Auta kuwa ta zo daidai da babban taron shekara, baƙi cike da gidan Fasto, ba a ko yi suna ba na tashi na hau murhu. Ina ba da labarin ne ina dariya, kamar yadda na saba ba da shi. Ba wadda ta taya ni. Mai tsefe ta tsaya da tsinke a hannu. Matar Baffa ta ce, "Ba wadda tad ɗora miki ruwa? Ko sau guda?"

Goggo ta miƙe, ta gyara zani, ta nufi gindin tsamiya. Na bi ta ina cewa Goggo don Allah, ba ta ko waiwayo ba.

"Malam, ashe ku biyu ag ga jegon, kai kaɗai ka shan kunu?"

Ya tashi zaune. Ta zayyana masa abin da na faɗa, har da abin da ban faɗa ba. Ya dube ni.

"Amma ai matan zumunta sun taimaka lokacin taron," in ji shi, a hankali, kamar mai tambaya.

Na ce, "Sun taimaka. Sun ce miyar ta yi daɗi."

Baffa ya yi tari ya juya baya. Maigidan bai yi dariya ba. Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Na ji tausayinsa ya kama ni, domin na san ba mugunta ba ce. A wancan makon shi ma ban ga ya zauna ba. Na ce a bar zancen, ya wuce, yarinyar ma ga ta nan har ta fara famfara. Ranar bai ci tuwon kirki ba, ni kuma na kwanta ina jin haushin bakina.

An kwana ana ruwa. Da gari ya waye hayaƙi ne ya tashe ni, da ƙus-ƙus ɗin mata. Gefensa na shimfiɗa ba kowa. Na leƙa ta taga. Ga maigidana a bayan ɗaki, durƙushe gaban murhu, da singileti, yana hura jiƙaƙƙen itace. An ɗora babbar tukunyar nan ta surukar Baffa. Idonsa ya yi jajir, toka har a gira. Matan gidan sun jeru a bakin zana, kowace ta toshe baki da gefen mayafi. Goggo na tsaye a kansa kamar mai duba leburori.

"Ba haka ba, Malam! Ja wancan ice baya, ka bar mishi hanyar iska. Wa'azi kakai ko hura wuta?"

"Goggo, in karɓa mai?" in ji matar Baffa.

"Bar shi. Bashinai na."

Na koma na zauna a bakin gado. Na ji wutar ta kama, na ji an tafa masa. Na ji ya tafi karyo ganye, auta na binsa tana tambaya wa ya haihu. Na ji ƙarar bokiti, da takunsa mai nauyi yana kai ruwan bayan shinge, yana komawa, yana sake kawowa. A duk littattafan da na karanta ban taɓa cin karo da jarumin da ya zo wa masoyiyarsa da bokiti ba.

Sai ya tsaya a ƙofar ɗaki, daga waje, ya kira ni. Da sunan nan. Muryarsa ta ɗan shaƙe, ko hayaƙi ne ko rashin sabo, har sai da ya maimaita. "Ruwanki ya yi."

A gidan Baffa miji ba ya kama sunan uwargidansa a gaban mutane, balle irin wannan suna da ko kurma ya ji ya san ba na baftisma ba ne. Matan suka watse da gudu suna ƙyalƙyala dariya. Na ji Goggo tana cewa, "La ila, yau mun ji abin da ya hi ƙarhinmu," amma ba ta matsa ko taku ɗaya ba. Auta ta ce, "Baba, wace ce wannan?"

Ban amsa nan da nan ba. Na so ya kira na uku, ya kuwa kira. Sannan na ɗaura zani na fito, na kasa ɗaga ido, ni da na haifi 'ya'ya biyu.

Goggo ce ta yi mini wankan, don ta ce hura wuta dai an yarda masa, sauran ba huruminsa ba ne. Ruwan ya yi zafi har na yi ƙara, yana warin hayaƙi, ganyen na ɗaci har a leɓena. Tana fyaɗa mini tana mita, wai an bar ƙashi ya sha sanyi shekara da shekaru sannan a ce ta gyara. Ta bayan zana ina jiyo shi yana tambaya ko a ƙaro ruwa. Da na fito, ƙoƙon kunu biyu na tarar a kan tabarma.

Haka ya yi ta ɗora ruwan nan safe da yamma har gero ya kai gwiwa muka koma Kalgo. Ya ƙware da hura wuta, har matar Baffa ta ce in ya rasa aiki ya dawo. Ranar da za mu baro ƙauyen Goggo ta sauko da samirar ta miƙa masa wayarsa, ya juya ta a hannu, ya ba ni ya ce in riƙe tukuna.

Yanzu mun koma bakin aiki. Wayar na kuka kamar da, kuma ba zan ce ya koyi cewa a'a sosai ba, ya dai koyi cewa gobe. A coci Mama nake, a bakinsa ma. Amma ranar Litinin ba ya fita, kuma akwai wata tukunya da muka sayo a kasuwar Gwandu wadda ba a girki da ita. In na ji yana kiciniyar sauko da ita daga saman kabad, sai in yi lamo a ɗaki kamar ban ji ba, in jira a kira ni.